Ƙannenmu masu gajeren fim, ku daina tsallake zaman safe a bukukuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da ƙannenmu masu shirya gajerun finafinai a Garwa da Marwa da Ngaundare, har zuwa Kusiri da Injamena.

Da yawansu idan aka zaɓi fim ɗinsu a bikin finafinai, hankalinsu kan daren nuni yake: a sa babbar riga, a taka jan kafet, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Zaman safe kuwa, inda furodusoshi da masu zaɓen fim da wakilan asusun tallafi ke bayanin yadda suke aiki, sai ka tarar namu ba su leƙo ba. Abin yana damunmu ƙwarai. Gajeren fim da wuya ya mayar da kuɗinsa ta hanyar tikiti. Babban amfaninsa shi ne ya shaida wa mai kuɗi cewa ka iya aiki, ya amince maka da na gaba. Mahamat-Saleh Haroun na Cadi da gajerun finafinai ya fara a shekarun 1990, kafin ya karɓi kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2010.

Wuraren ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Écrans Noirs a Yawunde, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997. Akwai FESPACO a Wagadugu tun 1969, yanzu duk bayan shekara biyu, tare da kasuwarsa ta finafinai mai suna MICA. A Faransa akwai Clermont-Ferrand, wanda bikin gajerun finafinai ne zalla, da kasuwa babba a gefensa. Mutumin da ya shiga mota daga Garwa zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa har Yawunde, ya sauka gidan dangi a unguwar Briqueterie, bai kamata ya yi barci har hantsi ana can ana musayar katin suna da lambar waya ba.

Sai dai zuwan kaɗai ba ya wadatarwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin cinikin da ke rushewa a teburin tattaunawa, tun watanni kafin nan aka rusa shi.

Tambayar farko da mai zaɓen fim zai yi maka ita ce: a ina aka taɓa nuna shi? Mu nan mun saba da salon Kano, da an gama tacewa sai YouTube. Ga fim mai dogon zango wannan hanya ce ta samun kuɗi, amma ga gajeren fim na biki asara ce. Wasu manyan bukukuwa suna son a ce su ne suka fara nunawa a duniya ko a yankinsu, gidan talabijin kuma ba ya ɗokin sayen abin da kowa ke kallo kyauta a wayarsa. Ka ajiye fim ɗin a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri, ka kashe damar saukewa, ka bar shi ya zaga bukukuwa shekara ɗaya ko biyu tukuna. Ko a rukunin WhatsApp na 'yan wasa kada ka tura cikakkensa.

Ta biyu: kiɗan nan na wane ne? Nan ne ake yawan yin shiru. Sautin da aka ciro daga fim ɗin Indiya, ko waƙar wani mawaƙin Kannywood da ke tashi daga rediyon mai shayi a cikin shirin, duk suna da masu su. Dillalin fim ba zai karɓa ba, saboda shi za a kama. Gara ka nemi mai garaya ko mai algaita a garinku, ka biya shi, ya sa hannu a takarda mai shafi ɗaya cewa ya yarda a yi amfani da kiɗansa a wannan fim a ko'ina. Irin wannan takarda kowane ɗan wasa ma ya sa mata hannu, yaro kuma mahaifinsa ko waliyyinsa. A haɗa da izinin ɗaukar fim na ma'aikatar al'adu. Mun san abota ce ke haɗa yawancin ayyukan nan, har ana jin nauyin fito da takarda, to amma mai saye ba ya sayen abota.

Sai fassarar ƙasan allo. Fim da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi ba aibu ba ne, alƙalai ma sun fi son jin mutane da bakinsu. Abin da ke kashe shi fassarar na'ura ce da ke mayar da habaici shirme. A nemi wanda ya ƙware a harsunan biyu, a yi ta Faransanci a yi ta Ingilishi, layi kada ya wuce biyu, kowane layi haruffa kamar 40, a bar shi a allo gwargwadon yadda mutum zai karanta. A ajiye ta daban a fayil ɗin rubutun fassara da ake kira SRT, a kuma riƙe kwafin fim mai tsabta da ba a liƙa masa rubutu ba. A wajen sauti, a ware muryoyi gefe, kiɗa da sauran ƙararraki gefe. Ƙarar janareta da babura da iskar hunturu da ba ka ji ba a waya, manyan lasifikokin zaure za su tona su gaban jama'a.

A kula da tsawo. Gasar gajerun finafinai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, masu Oscar kuma iyakarsu minti 40. Mai tsara nuni yana da kamar awa ɗaya da rabi da zai cika da finafinai biyar ko shida, saboda haka ɗan minti 12 ya fi ɗan minti 28 saurin samun gurbi.

Jakarka ta tafiya ta ƙunshi filas biyu masu ɗauke da fim ɗin, hotuna uku zuwa biyar masu kyau daga cikinsa, da katin da ke da sunanka da imel da lambar waya haɗe da +237 ko +235. Mafi muhimmanci, takarda ɗaya a kan fim na gaba: labarin a jimla biyu, taƙaitawa ta rabin shafi, dalilin da ya sa kai ne za ka ba da shi, da kasafin kuɗi. A rubuta kasafin da sefa da yuro, lissafin ba wuya tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne a tsaye, wato kusan sefa 656. Kada a manta da kuɗin gyaran sauti da launi da fassara da na shiga bukukuwa. Kasafin da babu su yana nuna cewa mai shi bai taɓa kai aiki ƙarshe ba.

Idan aka ba ka minti biyar ka tallata labarinka, gaisuwa ta zama jimla ɗaya. Mun taso da doguwar gaisuwa da kawaici, ba ma yabon kanmu gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. A wannan ɗakin dai agogo ake dubawa. Ka faɗi wane ne jarumin, me yake nema, me ya tare masa hanya, yaya labarin ya ƙare. Kada ka ɓoye ƙarshen, mai zuba kuɗi ba ɗan kallo ba ne. Sannan ka faɗi abin da ke hannunka da abin da ya rage, ka yi shiru ka saurari tambaya. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ya haddace jawabin, ya maimaita shi da agogo gaban abokai, ko ya nemi tafinta tun kafin ranar.

Kafin ka tunkari mutum ka san aikinsa, jerin baƙin yana cikin littafin biki. Mai zaɓen fim ba ya ba da kuɗi, mai asusu ba ya sayen fim. Ga ƙasashenmu akwai asusun tallafi irin su Fonds Image de la Francophonie da Fonds Jeune Création Francophone, akwai kuma horon Ouaga Film Lab. Ka tambayi wakilinsu ranar rufe karɓar takardu, ko dole sai da kamfani mai rajista, da abin da ya fi sa su watsar da takarda. Amsar ta ƙarshen nan ta fi kowace lacca amfani.

Cikin mako guda da dawowa ka aika imel gajere: inda kuka haɗu, abin da kuka tattauna, adireshin fim da kalmar sirri. Ban da saƙon murya, ban da kiran dare. Idan aka miƙo maka kwantiragi kada ka sa hannu a wurin shan shayi. Ka duba shekara nawa ne, ƙasashe nawa ne, ko ya hana ka sayar wa wani, kashi nawa dillali zai ɗauka, yaushe zai kawo lissafi.

Masu shirya bukukuwa kuma muna roƙonsu su fitar da jadawalin tattaunawa da sunayen baƙi wata guda kafin buɗewa, su tanadi tafinta, su sa kuɗin mota da na jirgin ƙasa na 'yan arewa cikin kasafinsu. Ku ma, Malam Edita, idan an buɗe karɓar finafinai ko takardun tallafi, ku taimaka ku buga ranakun da Hausa.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da aikin fim,
Garwa, Kamaru