Gaisuwar Babbar Sallah daga Kuala Lumpur

Zuwa ga Baba da Inna, Argungu.

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi layyar Baba. Mu nan mun sauko idi kuna barci, tunda awa 7 ce tsakaninmu. Yawancin mutanen Malesiya shanu suke yankawa a harabar masallaci, a raba wa unguwa.

Inna, kun ce in faɗa muku abin da nake ci. To, Sallar bana ta faɗo a kakar durian, wadda kan kama daga Yuni zuwa Agusta, kuma makwabcinmu ya rantse sai na ɗanɗana. Ƙaton ɗan itace ne, ƙaya ko'ina a jikinsa, sai mai sayarwa ya sa safar hannu kafin ya tsaga shi da wuƙa. A Malesiya ba sa tsinko shi, jira suke ya nuna ya faɗo da kansa. Ciki ɗaki-ɗaki ne, kowane da tsoka rawaya mai laushi, da hannu ake lakato ta. Ga zaƙi, ga maiƙo, ga ɗan ɗaci can ƙasan maƙogwaro.

Warin ne magana! Otal-otal da yawa sun hana shiga da shi, a Singafo ma ba a hawa jirgin ƙasa da shi. Abokaina biyu tun daga bakin ƙofa suka juya. Ni kuwa na ce wanda ya tashi a gidan da ake daka daddawa ai bai isa ya toshe hanci ba. Na ci, na ƙara. Cikin masu tsada akwai irin da ake kira Musang King na garin Raub a jihar Pahang, 'yan Sin ke rububinsa. Ɗalibi dai sai kallo.

Bayansa sai a kawo manggis, wai yana kashe zafin durian. Ɓawonsa ja ne mai duhu, a matse shi tsakanin tafuka ya buɗe, cikin fari fat, zaƙi da ɗan tsami. Wannan Inna za ku so shi, sai dai ruwan ɓawon ba ya fita a farar shadda. Rambutan kuma gashin jikinsa ya fi ɗanɗanonsa ban mamaki.

Kamfanonin jirgi ba sa yarda da ɗanyen durian, amma akwai alewarsa, zan ba mai zuwa gida ya kawo muku. Idan zai dawo, don Allah a haɗo shi da goruba, da soyayyen naman layya ko kaɗan ne. A gaida Kaka da su Yaya, a ce wa Auta goron Sallarsa na hanya.

Ɗanku.