Yunwar Yukren ta 1932 zuwa 1933: a daina yin shiru a kanta

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata rana da nake jin jaridunmu na Hausa ba sa kula da ita. Duk ranar Asabar ta huɗu ta watan Nuwamba, da ƙarfe huɗu na yamma, mutanen Yukren kan yi tsit na minti guda, sannan su kunna kyandir a bakin taga. Suna tunawa ne da Holodomor, yunwar da ta ci musu mutum kusan miliyan 4 a 1932 da 1933.

Ni ɗan manomi ne, kuma yunwar da muka ji a bakin kakanni fari ne ko fara ke kawo ta. Ta Yukren hukuma ce ta haddasa. Gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet wadda Yukren ke ƙarƙashinta a lokacin, ta tilasta wa manoma miƙa gonakinsu da dabbobinsu ga gandun gwamnati, ta kuma yanka wa kowane ƙauye hatsin da ya fi ƙarfinsa. Ƙauyen da ya gaza, sai a sa shi a baƙin littafi, a hana kai masa ko gishiri da kananzir. Masu bincike suna bi gida-gida da sandunan ƙarfe, suna caccakar ƙasan ɗaki da bango, ko an binne ɗan buhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar 7 ga Agusta, 1932. A wurinmu, in an kwashe amfani, mata da yara marasa hali kan shiga gona su yi kala, kuma ko mai rowa yana jin kunyar korarsu. A can, tsintar 'yan zangarniyoyin alkama daga gandun gwamnati ta zama satar dukiyar hukuma, hukuncinta harbi ko ɗaurin shekara 10. Uwa tana kallon ɗanta ya kumbura, ga hatsi zube a gona, ba halin taɓawa. Innalillahi! A Janairun 1933 kuma aka hana manoma fita daga Yukren neman abinci. Wanda aka kama a tashar jirgin ƙasa, a mayar da shi ƙauyensa. Duk a lokacin nan jiragen ruwa na ta lodin hatsi zuwa ƙasashen waje.

Sai kuma musu ya biyo baya. Gareth Jones, wani matashin ɗan jarida daga Birtaniya, ya taka ƙauyukan da ƙafarsa a Maris 1933, ya faɗa wa duniya abin da ya gani, amma Walter Duranty na jaridar New York Times ya ƙaryata shi. Hukumomin Sobiyet ba su yarda an yi yunwar ba sai a 1987. Wannan ya kamata ya dame ku, ku 'yan jarida, fiye da kowa.

Majalisar Yukren ta ayyana lamarin a matsayin kisan ƙare dangi a 2006, Jamus da Majalisar Tarayyar Turai suka bi sahu a 2022. Rasha ba ta yarda ba, tana cewa yunwar ta taɓa wasu yankunan ma. Haka ne, Kazakistan ta yi asarar sama da mutum miliyan ɗaya, kuma su ma a tuna da su. Amma yawan waɗanda aka zalunta ba ya wanke wanda ya toshe hanya.

Wani zai ce ina ruwanmu. To, a ranar wannan tunawa ce, a 2022, Shugaba Zelensky na Yukren ya ƙaddamar da shirin tura hatsi ƙasashe mabuƙata, alhali ana yaƙi a ƙasarsa. A ƙarƙashin shirin ne tan 25,000 na alkama ya iso Najeriya a 2024, ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya, domin 'yan'uwanmu na Arewa maso Gabas.

Don Allah, Malam Edita, idan makon ya zagayo, ku ware wa wannan tarihi ko da rabin shafi ne.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Funtuwa