Yaranmu na Zango da ke Tek: zuwa lakca kaɗai ba ya kawo aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyayenmu da ƙannenmu na zangunan Kumasi, musamman masu yara a jami'ar KNUST, wato Tek, da ke karatun kimiyya ko injiniya. Ni ma can na yi, ɓangaren lantarki, yanzu ina aiki, kuma abun da nake gani ya dame ni shi ya sa na ce bari in rubuto.

Duk shekara in sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito za ka ga murna a Aboabo da Asawase da Sawaba da Moshi Zango, a yi walima a yi addu'a, wance ta samu famasi wane ya samu sibil, Alhamdu lillahi abun farin ciki ne. Toh amma ka dawo bayan shekara biyar ko shida ka nemi yaron nan, sau da yawa a bes, wato majalisar samari, za ka same shi ana dafa ataya, satifiket na cikin akwati, in ka tambaye shi ya ce yaya ai ƙasar nan sai da hanya. Ban ƙaryata shi ba, akwai wannan, kowa ya san furotokol, wato alfarma, na aiki a Ghana. Amma ba shi kenan ba. Da yawa cikin yaranmu shekara huɗun nan lakca kawai suka je suka dawo, duk sauran abun da ke cikin makarantar wanda shi ne ke haɗa mutum da aiki ba su taɓa shi ba, wasu ma ba su san akwai shi ba.

Kuma ba lalaci ba ne, yanayin ne. Kuɗin hostel a Ayeduase da Kotei da Bomso ba kowane uba zai iya ba, sai a ce tunda gida na kusa ya dinga jeka ka dawo. Yaro ya hau trotro da sassafe ya sauka Tek Jonshon, ya shiga aji, ana tashi daga lakcar ƙarshe ya kamo hanya don kar go-sulo ya riƙe shi, ya zo ya karɓi shago daga hannun baba. Shi kuwa ɗan ajinsu da ke kwana a ɗakunan ɗalibai na cikin makarantar, Konti ko Katanga ko Ripablik, da daddare yana zaune da 'yan shekarar ƙarshe, a nan yake jin cewa kamfani kaza zai zo ɗaukar 'yan koyon aiki ranar kaza, lakcara kaza na neman mai taya shi a lab, fom ɗin tallafi kaza zai rufe ranar Juma'a. Labaran nan ba a aji ake faɗin su ba. Namu sai an rufe yake ji.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar atachimen domin nan ne aka fi yi mana illa. In an yi dogon hutu ɗalibi na iya zuwa sashensu ya karɓi wasiƙar gabatarwa ya kai kamfani ko ma'aikata a ɗauke shi koyon aiki na wasu makonni. Masu lantarki akwai kamfanonin wuta na ECG da GRIDCo da VRA, masu haƙar ma'adinai da makanikal akwai AngloGold a Obuasi da Newmont a Ahafo, masu man fetur da sinadarai akwai Ghana Gas a Atuabo da matatar mai ta Tema, masu kimiyyar halittu akwai lab ɗin asibitin Komfo Anokye da KCCR da ke cikin makarantar kanta, cibiyar bincike kan cututtuka ce da aka kafa a 1997 tare da haɗin gwiwar wata cibiyar Jamus ta birnin Hamburg. Ga kuma cibiyoyin CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, a Fumesua, nan bayan Tek a hanyar Accra, akwai ta binciken gini da hanyoyi, akwai ta amfanin gona, akwai ta gandun daji. Mota ɗaya ce daga jonshon. Amma me muke yi da hutun yaro? Baba zai tafi Techiman ko Bawku sai a ce to ga shi an yi hutu ya zauna a shago, ko a tura shi Ashaiman wurin kawu ya taya shi lissafi. Daga baya in lokacin miƙa rahoto ya yi sai a je a nemi wani da aka sani ya buga hatimi a logbuk ya sa hannu kamar yaron ya yi. An samu maki, an cuci kai.

Na zauna a wurin tantance masu neman aiki a inda nake, na ga abun da idona. Yaro ya shigo da kwat mai kyau, CWA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, ya haura 70, fes kilas kenan, ka tambaye shi ka'idar taransifoma ya zuba maka kamar karatun allo. Sai babban injiniyanmu ya turo masa megga, na'urar gwada insuleshon, da wani tsohon moto na lantarki mai fes uku da ke kan tebur ya ce gwada mini insuleshon ɗinsa. Yaron ya ɗauki wayoyin biyu yana juya su yana kallon mu, zufa ta karyo masa, ni kaina sai da na sunkuyar da kai don ɗan unguwarmu ne. Ba wai ya kasa gane abun ba ne, da an nuna masa sau ɗaya cikin minti goma zai iya, kawai dai bai taɓa riƙe na'urar da hannunsa a wajen aji ba. Wanda aka ɗauka makinsa bai kai nasa ba, amma ya yi hutu biyu yana bin masu gyaran layi, har tabon ƙuna yana da shi a yatsa.

In kuma an ce manyan kamfanoni sai da hanya, to Magazin fa, unguwar garejoji da maƙera ta Suame? Suame na nan, kuma da yawa cikin mastocin da ke ciki iyayenmu ne da yayyenmu, masu walda, masu injin leda na sassaƙa ƙarfe, masu rewayin, masu narka ƙarfe. Abun da mutane ba su sani ba shi ne jami'ar da kanta ta daɗe da gane darajar wurin. Tun 1972 ta kafa cibiyar TCC don kai fasaha ga masu ƙananan sana'o'i, a 1980 ta buɗe reshe a cikin Magazin ɗin da ake kira ITTU, ta nan aka koya wa mutane narka ƙarfe a zuba a ƙera kaya irin su faifan injin niƙa. Furofesoshi sun sauko sun zauna da fitoci, amma ɗanmu da ke shekara ta biyu a makanikal yana jin kunyar sa tufafin aiki ya shiga ƙarƙashin mota don kar 'yan unguwa su ce yunibasiti ta ƙare a fita. Iyaye ma suna da laifi a nan, uwa za ta ce ban biya kuɗin makaranta don ka dawo da baƙin mai a riga ba. Hajiya, wallahi wannan baƙin man shi ake tambaya a intabiyu.

A cikin harabar ma akwai abubuwan da kuɗin makarantar da kuka biya ya riga ya rufe. Laburaren Prempeh na biyu ba wurin kwana ba ne lokacin jarrabawa kawai, ta nan ɗalibi ke samun shiga mujallun bincike na duniya waɗanda in kai kaɗai ne sai ka biya dala kafin ka buɗe takarda ɗaya, kuma ayyukan bincike na waɗanda suka gama a baya suna nan a intanet a rumbun makarantar, kafin ka zaɓi furojet ɗinka je ka ga me aka riga aka yi. Imel ɗin ɗalibi da aka ba ka ranar rajista wanda ka manta fasuwod ɗinsa, da shi ake samun AutoCAD kyauta daga kamfanin Autodesk, da shi ake samun kayan GitHub na ɗalibai. Akwai ofishin da aikinsa kenan taya ɗalibai shirin neman aiki, su duba maka sibi, wato takardar tarihin karatu da aikinka, su gwada ka kamar intabiyu, akwai cibiyar ba da shawara in abu ya cushe maka a kai, akwai wurin renon ƙananan kasuwanci na Kumasi Business Incubator, masu sha'awar sola da makamashi ga cibiyar Brew-Hammond. A waje kuma ga Kumasi Hive ga masu son haɗa na'urori da rubuta manhaja. Maganar sibi kuwa, dan Allah ƙannena ku buɗe imel da sunanku na yanka, na ga takardar neman aiki da aka turo da adireshi mai sunan zolaya na bes, ba wanda ya buɗe ta sau biyu.

Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA tana ƙoƙari, ina yaba musu, ta riƙe mana yara a kan sallah da tarbiyya kuma nan ne baƙo ke fara samun 'yan uwa. Sai dai kar yaro ya tsaya nan kaɗai. Ya shiga ƙungiyar sashensu, 'yan injiniya ya shiga ƙungiyarsu ta GESA, ya tsaya takarar ko da sakatare ne, ya je tafiyar ziyarar masana'antu in an shirya, ya saba da Kwame da Akosua da Selorm domin su ne gobe za su kira shi su ce an buɗe gurbi a wurinmu. Kuma ya bari lakcara ko ɗaya ya san fuskarsa da sunansa. Ranar da za ka nemi tallafin DAAD na Jamus ko Commonwealth na Ingila ko gurbi a cibiyar AIMS ga masu lissafi, wasiƙar shaida za a tambaye ka, kuma malamin da bai taɓa jin muryarka ba layi uku zai rubuta maka.

'Yan matanmu nasu ya fi wuya. Akwai wata 'yar maƙwabtanmu da ke karatun bayokemistiri, furaktikal ɗinsu kan kai yamma, amma ƙarfe huɗu na yi wayarta za ta fara ruri, ki taho a jiƙa wake a gyara ganyen wake-da-shinkafar gobe. Sai ta bar wa 'yan rukuninsu gwajin a tsakiya ta kwafi sakamako da safe. Uwar ba mugunta take ba, da wannan tukunyar ake biyan kuɗin makarantar, na sani. Amma a gidan akwai samari biyu da ba abun da suke yi da yamma sai kallon ƙwallo. In an ce za ta je atachimen Tarkwa ko Tema kuma sai a ce mace ba ta kwana a wani gari, alhali ba garin da ba mu da zango da dangi a Ghana, in biki ne ai ana samun inda za ta sauka. Jami'ar nan a 2020 mace aka naɗa ta shugabance ta, Farfesa Rita Akosua Dickson, kuma famasi ta karanta. Akwai ƙungiyar mata masu kimiyya ta WiSTEM a makarantar, 'ya'yanmu su neme su.

Kuɗi kam matsala ne ba na musu. Akwai bashin ɗalibai na SLTF, akwai tallafin GETFund, akwai shirin Mastercard Foundation da ke Tek tun 2014 wanda aka yi shi musamman don yara masu ƙoƙari da iyayensu ba su da hali, akwai ofishin tallafin kuɗi na ɗalibai a makarantar, akwai kuma Asusun Raya Zango da aka yi dokarsa a 2017. Ba kowa zai samu ba, amma wanda bai cike fom ba shi kam ya riga ya faɗi. Abun da na lura shi ne muna jin nauyin rubuta cewa ba mu da shi, a ce a kawo shaidar halin da gida ke ciki sai uba ya ce shi ba zai tona asirinsa a takarda ba.

Sai sabis, wato hidimar ƙasa bayan gama jami'a. Shekara ɗaya ce, alawus ɗin ba wani abu ba ne, a 2023 aka ɗaga shi daga sidi 559 zuwa 715, amma ita ce shekarar da kamfani ke kallon ka kafin ya yanke shawara. Mu kuma sai a bi ta bayan gida a canja wa yaro fostin daga masana'anta a dawo da shi wani ofis kusa da gida inda zai sa hannu da safe ya koma shago. Injiniya ya yi sabis ɗinsa yana fotokwafi. Wanda ya yi atachimen a wuri kuma suka ji daɗinsa, su da kansu suke neman a turo musu shi. Bayan nan a yi rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta GhIE, tun ana ɗalibi ma ana shiga, domin tun dokar 2011 aikin injiniya a Ghana sai da rajista, kuma laƙabin Ing. da kuke gani gaban sunan mutane ba jami'a ke ba da shi ba, sai ka yi shekaru kana aiki ƙarƙashin wani ka zauna jarrabawarsu.

Marigayi Alhaji Aliu Mahama a Tek ya karanta fasahar gini, ya yi aikin kwangila shekaru kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, kenan ba yau Musulmi ya fara fita daga makarantar nan ya zama wani abu ba. Muna da injiniyoyi da likitoci da masu lab 'yan zango da yawa yanzu, sai dai kowa na ta kansa, wasu sun tare a Accra sai Sallah ake ganin su. Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu, yadda ake sanarwar ɗaurin aure bayan Juma'a a dinga ba da minti biyu a ce hutun jami'a ya kusa, duk mai garejin da zai ɗauki ɗalibi ko mai aikin da zai iya shigar da wasiƙar yaro ɗaya a ma'aikatarsu ya ga liman. Kai kuma Malam Edita, in da hali ku ware ɗan gefe a jaridar nan kuna sa sanarwar tallafin karatu da guraben koyon aiki da Hausa tare da ranar rufewa, domin iyaye da yawa ba za su shiga shafin jami'a ba amma suna karanta ku, kuma in uwa ta san ranar rufewa yaro bai isa ya ce ya manta ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon ɗalibin Tek,
Aboabo, Kumasi