Gwaji Ɗaya Ba Ya Wanke Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Bayan Yoyon Mai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana kan abin da ake yi bayan tankin gidan mai ya yi yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Yawanci sai a tono tankin, a kwashe ƙasar da ta jiƙe, a ɗebi ruwan rijiyar burtsatse guda a jarka a kai ɗakin gwaji, a dawo a ce lafiya lau. Wannan gwajin bai nuna komai ba.

Fetur bai kai ruwa nauyi ba. In ya tsatsafa ƙasa, kwanciya yake yi a saman ruwan, sinadaransa na narkewa a hankali. Mafi haɗari cikinsu shi ne benzin, mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade masa maikrogiram 10 (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a lita ɗaya ta ruwan sha, kuma hanci ba ya jin wannan ɗan adadin. A rahotonta na 2011 kan yankin Ogoni, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu benzin da ya ninka wannan ƙa'ida fiye da sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale.

Abin da ake bukata shi ne rijiyoyin sa ido, wato ƙananan rijiyoyin da ake haƙawa don gwajin ruwa kawai, aƙalla uku, domin da uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Ɗaya a bayan tankin, inda ruwan ke fitowa, sauran a gabansa, tsakanin tankin da rijiyoyin da mutane ke sha. A zura bututun PVC mai faɗin milimita 50, mai haɗin zare, kada a sa gam, don gam ɗin kansa na ɗauke da sinadaran da ke ɓata sakamako. A nan ne aka fi yin kuskure: dole ɓangaren bututun mai tsage-tsage, wanda ta nan ruwa ke shiga rijiyar, ya ratsa saman ruwan, wani sashe a ciki, wani a sama. In ya nutse gaba ɗaya, man zai yi ta yawo a samansa ba tare da ya shiga rijiyar ba. A zagaye tsagen da tsabtataccen yashi, a toshe samansa da yumɓun bentonait, a rufe baki da siminti da murfi mai kwaɗo.

Ranar ɗiban samfur, a fara auna zurfin ruwa da kaurin man da ke kansa kafin a taɓa komai. Sannan a fitar da kwantaccen ruwan rijiyar ninki uku. Bututun milimita 50 na ɗaukar kusan lita 2 a kowace mita, ke nan ruwa mai tsawon mita 5 na bukatar a fitar da lita 30. A fara da rijiyar da ta fi tsabta, a ƙare da mafi gurɓata.

Samfurin kuwa ba a jarka ake zuba shi ba. Kwalbar gilashi ce ta mililita 40, da ɗigon asid a ciki, a cika ta har ruwan ya yi tozo, a rufe, a kife ta a ɗan ƙwanƙwasa. In an ga ƙwayar iska ko ɗaya, a sake, don benzin tserewa yake yi cikin iskar. A sa cikin ƙanƙara, a gwada kafin kwana 14.

Sai batun lokaci. Da damina ruwan ƙasa kan tashi ya danne man a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, rijiya ta nuna kamar ya ɓace. Da rani ruwan ya ja baya, man ya sake bayyana. Shi ya sa ake gwaji duk bayan wata uku, aƙalla shekara guda cur. Kafin nan a dakatar da jan ruwa daga rijiyoyin kusa, don famfo na janyo gurɓataccen ruwan zuwa gare shi. Tafasawa ma ba mafita ba ce: benzin ɗin tashi yake yi cikin tururi, mai girki ya shaƙa.

Muna kira ga hukumomin muhalli da kada su rufe fayil ɗin yoyon mai sai sun ga taswirar rijiyoyin, zanen yadda aka gina kowacce, da sakamakon damina da na rani.

Mun gode.

Daga wasu masu binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa