Kuɗin Haya da Albashin Sabon Ma'aikaci

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin matasan da suka fara aiki. A ganina, bai kamata haya ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, musamman a Abuja, inda masu gidaje ke karɓar kuɗin shekara a dunƙule, ban da la'adar dillali, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. A lissafa har da kuɗin mota. Ƙanena ya kama ɗaki a Mararaba, wani gari da ke gefen Abuja, saboda arha, amma tun asuba yake tsaye a bakin titi yana jiran mota, kuma sufuri ya lashe rarar da ya yi tsammani.

Naka,
Mai karatu daga Abuja