Darasin Littafin Yara Ba A Shafin Ƙarshe Yake Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci ga masu rubuta wa yara littafi, musamman waɗanda ba sa iya rufe labari sai sun rubuta "darasin da muka koya".

Abin da ya sami jarumin labari shi ke zama a zuciyar yaro. In gaskiya ake son koyarwa, to ƙaryar jarumin ita da kanta za ta ɗaure shi: ya fasa madubi ya yi shiru, aka ɗora wa ƙanensa laifin, shi kuma barci ya gagare shi. Amma in aka jefo masa ciwo ko hatsari daga sama don ya yi ƙarya, ɗan shekara 6 ma zai gane hannun marubuci ne. Haka in babba ya shigo a ƙarshe ya warware komai, abin da yaro ya koya shi ne ya naɗe hannu ya jira manya. A bar jarumin ya gwada sau biyu ya kasa, a na uku ya fita da dabararsa. Ya ɗan girmi mai karatu da shekara ɗaya ko biyu, don yara sama suke kallo.

Fili ma ba ya barin dogon wa'azi. Littafin hoto na ƙananan yara galibi shafi 32 ne, saboda a kan babbar takarda ake buga shafukan sannan a ninke, takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In an cire shafin suna da na bayanan bugu, wajen buɗi 14 (wato shafi biyu masu kallon juna) ke saura, kuma kalma 500 ta wadatar. Matsalar labarin ta fito fili kafin buɗi na uku. Abin mamaki kuwa a ɓoye shi a bayan shafi, sai yaro ya juya da hannunsa ya gani. Abin da hoto ya nuna, kada a sake rubuta shi. In an zana yarinya tana kuka, ɓata kalma ne a ce "ta yi baƙin ciki".

Kafin a kai wa maɗaba'a, a karanta wa yara huɗu ko biyar da babbar murya. Inda harshe ya sarƙe, jimlar ta yi tsawo. Inda suka fara waige-waige, a yanke wurin, ko da nan ne marubucin ya fi so.

Wassalam,
Wani mai karatunku