Ba kowane littafin Hausa ne ke karantuwa ga 'ya'yanmu na Makka ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan littattafan Hausa da alhazai da masu Umara ke kawo wa 'yan'uwansu tsaraba a nan Makka. Niyya ce mai kyau, amma yawancinsu a kan kanta suke ƙarewa. Yaron da aka haifa a unguwar Misfala ko Shari' Mansur yana jin Hausa sarai, sai dai da Larabci ya yi makaranta, haruffan boko kuwa a darasin Turanci ya gamu da su. Saboda haka sai an yi zaɓe.

Abin da ya fi shigarsa shi ne gajerun labarai. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, har gobe ba shi da na biyu a wannan aiki, domin kowane labari shafuka kaɗan ne, Hausarsa kuma kamar ana hira. Amma kada a miƙa wa yaro a juya baya. Babba ya fara karanta shafi ɗaya da ƙarfi, yaron na bin layi da yatsa, sannan shi ma ya maimaita. Minti goma sha biyar bayan Magariba sun isa. Wuraren tuntuɓe sanannu ne: c zai karanta ta k, yadda malamin Turanci ya koya masa, ƙ da ɗ da ɓ zai ɗauke su k da d da b, ts kuma ya raba ta biyu. Babbar damuwar ita ce madda. Larabci na nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, boko kuwa ba ruwansa, sai yaro ya ga "gari" ya rasa ko na tuwo ne ko wanda mutane ke zama. Kunne ne ke raba wannan gardama, shi ya sa karatun zuci ba ya yi da farko.

Wasu kan ce to a ba su waƙoƙin ajami, tunda sun san baƙaƙen Larabci. Nan ma da sauran aiki. Ajaminmu da rubutun allo ake yin sa, irin na Alƙur'anin ruwayar Warshu: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala mai ba da wasalin e. Yaran nan da Alƙur'anin ruwayar Hafsu suka tashi, ƙaf ɗinmu fa ce a idonsu. In aka nuna musu waɗannan ukun, aka kuma rera baiti kafin su dubi takarda, waƙa irin Imfiraji ta Aliyu Namangi tana zama a kansu fiye da zube. A ganina rubutacciyar waƙa ce ta fi biyan wahalar.

Fassarar Ahalari da Ishmawi da Risala su iyaye suka fi son a kawo, su ne kuma suka fi yin kwantai. Yaro ya fi gane asalin Larabcin, ga shi fiƙihun Malikiyya ne, alhali na Hambaliyya ake koyarwa a makarantun gwamnati. Waɗannan sai a gaban malami.

Tarihi yana jan samari, musamman hijirar kakanni bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar garin Mai Wurno a Sudan. Sai dai da shekarun Hijira suka saba a darasin tarihi, don haka a rubuta musu da fensir a gefen shafi: a cire 622 daga shekarar Miladiyya, a ƙara ɗaya kan kowace 32 ta abin da ya rage, sai 1903 ta koma 1321.

Littattafan soyayya da ke yawo a WhatsApp 'yan mata na son su, amma kada a fara da su. Babu lanƙwasa a haruffa, ba aya ba waƙafi, kalmomi a manne, ga Turanci kusan kowane layi. 'Yar Kano za ta cike giɓin da kanta, 'yar Makka kuwa a nan za ta tsaya.

Roƙona, Malam Edita, duk littafin da kuka yi wa sharhi a shafin adabi, ku riƙa faɗin yawan shafukansa, da ko an buga shi da haruffa masu lanƙwasa, da shekarun waɗanda ya dace da su, don mai sayen tsaraba ya san abin da zai sa a jaka.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Misfala, Makka